Jijiya da rai, hannu a mace: lamarin wani ɗan acaɓa a Gombe

Takardar gwajin jijiyar hannun ɗan acaɓan shafi biyu ce, amma layi ɗaya baffansa ya riƙe. Wani ɗalibi a gidansu ya karanta musu cewa an sami alamar farko yadda ya kamata, shi ke nan dattijon ya shigo ɗakin gashin ƙashi inda nake aiki da fara'arsa, hula a ƙeya. "Likita, an ce jijiyar tana nan da ranta. Ke nan gashi kawai ya rage mana?" Na ja masa kujera, na ce, "Baffa, ku zauna tukuna." Na san abin da takardar ta ƙunsa, don a gabana aka yi gwajin. Layin da ya faranta masa rai shi ne mafi nauyi a cikinta.

Yaron shekararsa 24, acaɓa yake yi tsakanin Tumfure da cikin gari. Wata rana bayan magariba yana dawowa daga Kumo, garken shanu ya ratso titi, ya danne birki, babur ya watsar da shi. A kan kafaɗar dama ya faɗi, kansa kuma ya karkace hagu da ƙarfi. Ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya karye. Aka kai shi wajen mai ɗori, kuma gaskiya ɗorin ya yi kyau, ban ga abin kushewa a kai ba. Sai dai da aka kwance bayan mako biyar, hannun ya zubo kamar tsumma. Wasu suka ce targaɗe ne ya kwanta, wasu suka ce iska ce. A mako na shida aka kawo mini shi.

Daga kafaɗa har yatsu babu tsokar da ke motsi. Na bi fatar da tsinin allura, bai ji komai ba sai wani ɗan siririn wuri a cikin damtse kusa da hamata, wanda dama jijiyarsa daga ƙirji take zuwa. Fatar idonsa na dama ta ɗan sauko, ƙwayar idon kuma ta fi ta hagu ƙanƙanta. Mahaifiyarsa ta ɗauka rashin barci ne. Wannan alama ce da likitoci ke kira da sunan Horner, kuma a irin wannan haɗari tana nuna cewa ɓarnar ta kai saiwar jijiyar hannu ta can ƙasa, dab da laka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya. Sannan ga zogi. Hannun da ba ya jin allura shi ne yake hana shi runtsawa. Ya ce mini, "Yallaɓai, kamar an tura shi a murhu, can kuma sai in ji kamar wutar lantarki ta ja ni." Da na ƙwanƙwasa saman ƙashin da ya karye da yatsa, sai ya ce wani abu ya tsarga masa zuwa gefen kafaɗa. Na rubuta wannan, ban ba shi muhimmanci ba a lokacin.

Laifina a nan guda ne, kuma zan faɗa: na ɓata mako uku ina gashi da jan tsoka da na'ura, ina sa ran wani abu zai motsa, alhali idon nan kaɗai ya isa in tura shi gaba tun ranar farko.

Jijiyoyin hannu saiwoyi biyar ne suke fitowa daga laka a wuya, ana ƙidaya su C5, C6, C7, C8 da T1. Suna fitowa sai su sarƙe da juna kamar kitso a bayan ƙashin da yaron ya karya, daga nan su rarrabu su sauka hannu. Idan kai da kafaɗa suka rabu da ƙarfi, ɗayan biyu ke faruwa ga kowace saiwa. Ko ta tsinke a waje, ta bar kututture manne da laka, ko kuma ta tumɓuke daga jikin lakar gaba ɗaya. Wadda ta tsinke ana iya yi mata ƙari a haɗa. Wadda ta tumɓuke babu inda za a ɗinke ta. A ido duka biyun hannu ne a sake, don haka babban likitan da ya duba shi ya rubuta gwaje-gwaje, ciki har da wanda ake taƙaita sunansa da SSEP, wato auna amsar da jijiya, laka da ƙwaƙwalwa ke bayarwa idan an tsokani jijiyar hannu da ɗan lantarki. Sai da aka fita jihar kafin a samu inda ake yi. Na bi su, don ban taɓa ganinsa ba sai a littafi.

Ɗakin ƙarami ne, da gado da kwamfuta. Ma'aikaciyar ta sa kowa ya kashe waya. Ta taɓa hannun ta ji sanyi ƙalau, ta ce a lulluɓe shi ya ɗumama, saboda jijiya mai sanyi tafiyarta a hankali take, sai ta ɓata lissafi. Ta goge fata ta liƙa 'yan faya-fayai: ɗaya a ramin da ke saman ƙashin wuyan, wurin da ake kira da sunan Erb, wani likitan Jamus, ɗaya a bayan wuya, ɗaya a gaba, saman zakaran wuya, sauran a fatar kai. Da hannun hagu ta fara, mai lafiyar. Ta ɗora abin tsokanar a wuyan hannu, ta riƙa ƙara ƙarfi har babban yatsa ya fara zillo, tik, tik, tik, kamar sau huɗu a sakan. Yaron ya yamutsa fuska ya ce yana ji. Ta ce ya saki wuyansa, in ma barci ya zo ya yi.

Da farko allon babu komai sai kace-kace, layi yana ta rawa. Amsar da ake nema ba ta wuce 'yan maikurovolt ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na volt, alhali batirin tocila ma volt 1.5 ne. Bugun zuciya, haɗiyar yawu, wayoyin bango, duk sun fi ta ƙara. Dabarar ita ce maimaitawa. Ana tsokana sau ɗaruruwa, kwamfuta tana tarawa tana raba daidai. Hayaniya ba ta da lokacin zuwa, sai ta cinye kanta, amsar jijiya kuwa kullum a lokaci ɗaya take zuwa, sai ta yi ta fitowa fili. George Dawson ne ya fara nuna haka a jikin ɗan Adam a Landan a 1947, lokacin yana ɗora hoto kan hoto ne, kafin ya ƙera na'urar tarawa a farkon shekarun 1950. A idona layin ya riƙa lafawa, sai ga tuddai uku sun tsaya a layuka uku.

Sunayensu lokacin zuwansu ne. N9 yana zuwa wajen milisakan 9 bayan tsokana, a ramin Erb. N13 a bayan wuya. N20 a fatar kai, ɓangaren da ke kishiyar hannun, tunda hanyar tana tsallakawa a gindin ƙwaƙwalwa. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, ke nan saƙo yana barin wuyan hannu ya isa ƙwaƙwalwa kafin mutum ya ƙifta ido. Dogon mutum lambobinsa sukan ɗan ƙaru, shi ya sa ake gwada hannu da ɗan'uwansa.

Sai ta koma dama. Ta sa ƙarfin da ta sa wa hagu. Yatsa bai motsa ba. Ta tambaye shi, ya ce bai ma san an fara ba. Ni na riga na sallama cewa layuka uku za mu gani a shimfiɗe. Sai ga N9 ya taso, ya ɗan fi na hagu gajarta amma ga shi nan sarai, a kan lokacinsa. Layin wuya shiru. Layin kai shiru. Ta sake daga farko, haka. Ta koma jijiyar da ke gefen ƙaramin yatsa, haka. Ba ta ce komai ba, ta dai dube ni.

Wanda bai san inda ake haihuwar kowane tudu ba, zai karanta wannan a juye, kamar yadda ɗalibin gidansu ya yi.

Kowane zaren jijiya yana da uwa, ƙwayar da ke ciyar da shi. Zaren da aka raba da uwarsa lalacewa yake yi cikin kwanaki, abin da Augustus Waller ya bayyana tun 1850. Uwayen zaruruwan motsi a cikin laka suke zaune. Uwayen zaruruwan ji kuwa a waje suke, a dunƙule cikin wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, a bakin ramin da saiwa ke fitowa tsakanin ƙasusuwan wuya. To idan jijiya ta tsinke a ƙasa da ƙullin, an raba zaren ji da uwarsa, zai mutu, N9 ya ɓace. Idan kuwa saiwar ta tumɓuke daga laka, ƙullin yana tafiya ne tare da hannu. Zaren ji yana nan manne da uwarsa, yana ci yana sha, yana ɗaukar saƙo da gudunsa na kullum, kimanin mita 60 a sakan. Ya wuce ramin Erb, na'ura ta gan shi, ya isa ƙofar laka ya tarar babu gada. Zaren motsi shi ya mutu, tunda uwarsa tana ciki, shi ya sa yatsan bai zillo ba. Wannan ne kuma dalilin da ba a gaggawar gwajin a makon farko: zaren da aka yanke ma yakan yi kwana goma yana amsawa kafin ya yi shiru.

Da baffan na yi amfani da hanyar Yola. Na ce mota ta taso daga Kaltungo, 'yan kamasho sun gan ta a Billiri lafiya, amma ba ta shigo Kumo ba, balle Gombe. Ina za a nema? Ya ce tsakanin Billiri da Kumo mana. Na ce to N9 shi ne Billiri.

Shi N13, wanda rashinsa ya yanke hukuncin, an daɗe ana gardama a kan mahaifarsa. Tun 1933 Herbert Gasser da Helen Graham a Amurka suka ɗora waya kai tsaye a bayan lakar kyanwa, suka ga cewa idan saƙo ya shigo, bayan ɗan tsinin farko akwai wani tudu mai faɗi da ke biyo baya. A 1973 Roger Cracco ya nuna ana iya ɗauko amsar laka ta saman fatar mutum ba tare da an huda ba. Tambayar da ta rage ita ce: tudun da ake gani a bayan wuya, ƙarar saƙo ce yana wucewa sama, ko wani abu ne da ke faruwa a wurin?

Idan aka yanka laka a gicciye, tsakiyarta toka-toka ce mai siffar malam-buɗe-littafi, farin ɓargo ya kewaye ta. Farin hanyoyi ne, tokar kuma matattarar ƙwayoyi. Zaren ji yana shigowa ta baya sai ya yi reshe. Babban reshen ya hau gwadaben baya ya miƙe sama, ba ya tsayawa sai gindin ƙwaƙwalwa, inda yake miƙa saƙon ga wasu ƙwayoyi, su tsallaka da shi ɗaya ɓangaren. Ƙananan rassan kuma su nutsa cikin fiffiken baya na tokar, su sauke saƙo a nan take. Akwai ɗan ƙaramin tudu kafin N13, ana ce masa N11, wanda idan aka riƙa matsar da faifai sama a kan wuya lokacinsa yakan ɗan ƙaru. Wannan matafiyi ne, shi ne motar a kan titi. N13 kuwa duk inda aka matsa a ƙasan wuya lokacinsa ba ya gusawa, ƙarfinsa ne dai ke raguwa idan an yi nisa. Hayaniyar tasha ce, lokacin da fasinjoji suka sauka.

Hujjar da ta fi burge ni ta fito daga Burasal ta ƙasar Beljiyam. A 1981 John Desmedt da Guy Cheron suka zura waya ta hanci zuwa cikin hanyar abinci, wadda ke kwance a gaban ƙashin wuya, don su saurari laka ta gaba. A daidai milisakan ɗin da faifan baya ya nuna tudu, wayar gaba ta nuna kwari, kamar hoto a madubi. Ma'ana tushen yana tsakaninsu, a kwance, fuskarsa ɗaya baya ɗaya gaba, kamar batirin da aka gitta a cikin laka. Saƙon da ke hawa sama ba zai ba da wannan siffa ba. Ƙwayoyin fiffiken baya ne ke ba da ita yayin da suke karɓar saƙo. Wannan ne ya sa ma'aikaciyar ta liƙa faifai a saman zakaran wuya: idan aka gwada bayan wuya da goshi, wata amsar daga gindin ƙwaƙwalwa, P14, takan cuɗe da N13 har mutum ya zaci yana nan alhali babu shi.

Marasa lafiya ma sun tabbatar da rabuwar hanyoyin biyu. Wanda kogon ruwa ya ci tsakiyar lakarsa yakan rasa N13 amma N20 ya zo lafiya, saboda tashar ce ta rushe, titin yana nan. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu kuma akan sami N13 amma babu N20. A ƙafa ma tsarin ɗaya ne: a tsokani jijiya a idon sawu, a sami N22 a ƙasan baya inda laka ke ƙarewa, amsar kai kuma ta zo wajen milisakan 40. Shi yaronmu ya rasa tasha ya rasa titi a lokaci guda, alhali motar ta wuce Billiri. Wuri ɗaya ne kawai zai iya yanke su tare, wato mashigar.

Gwajin yana da iyakarsa, kuma ban ɓoye wa iyalin ba. Hanyar ji yake aunawa, ita ma ta manyan zaruruwa, ba ta motsi ba. Jijiyar tsakiyar wuyan hannu daga saiwoyi da yawa take ɗebo zare, don haka ba ya iya nuna saiwa ɗaya-ɗaya. Sannan jijiyoyi biyun da aka tsokana kusan ba su da ruwa da C5, ta can sama. Hoton MRI ya nuna 'yan jakunkunan ruwa a gefen laka a C7, C8 da T1, inda rigar lakar ta yage da saiwoyin suka fita. C6 ba a gane ba. A nan ne na tuna tsargawar nan da ya ji a kafaɗa da na ƙwanƙwasa, domin kututturen jijiya mai rai ne ke yin haka.

Zaman da aka yi a zaurensu ya fi gwajin wuya. Wansa ya ce a ba abin lokaci, ai ƙashi ma da kansa ya haɗe. Mahaifiyar, daga bayan labule, ta ce ita dai kada a yanke masa hannu, kuma babu wanda ya ambaci yankewa. Na ce musu tsokar da ta rasa jijiya jira take yi, amma jiranta yana ƙarewa tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, sabuwar jijiya kuma ba ta wuce kusan milimita ɗaya a rana. Duk watan da aka ƙara, daga rabon hannun ake cirewa. Baffan ya tambaye ni kai tsaye, "Yatsun fa, likita?" Na ce, "Baffa, kada ku sa rai da yatsu. Gwiwar hannu ake nema, da ɗan kafaɗa." Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. An jinginar da gona, 'yan ƙungiyarsu ta acaɓa suka yi karo-karo, aka yi aikin a wata na biyar.

A ɗakin tiyata ma wannan gwajin ne ya raba gardama, amma ta wata fuska. Da aka buɗe wuyan, aka tsokani kututturen kowace saiwa kai tsaye ana sauraro a fatar kai. C5 ta amsa, C6 shiru. Ke nan huɗu sun tumɓuke, ɗaya ta tsinke. Aka ciro wata siririyar jijiyar ji daga sha-raɓarsa aka yi wa C5 ƙari zuwa jijiyoyin kafaɗa. Don gwiwar hannu kuma aka ɗauko jijiyoyi uku daga tsakanin haƙarƙari, waɗanda aikinsu numfashi ne, aka karkato su aka haɗa da jijiyar ƙwanji.

Daga nan aiki ya dawo hannuna, kuma babu abin labari a cikinsa: lanƙwasa gaɓoɓi kullum don kada su sandare, majanyin rataye hannu don kada nauyinsa ya zare kafaɗa, da faɗa a kan ruwan zafi, tunda sau biyu yana ƙona yatsu bai sani ba. Wata takwas babu komai. Ya rame, ya daina zuwa majalisa. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, miƙa wa manya hannun hagu a gaisa, da cin tuwo da cokali a gaban baƙi.

A wata na tara bayan aikin, ana cikin hunturu, ya zo da mura. Yana zaune a bakin gado na riƙe damtsensa ina shafa mai, ya yi tari, sai na ji wani abu ya harba a ƙarƙashin yatsuna. Na ce ya sake tari. Ya sake, ƙwanjin ya sake harbawa. Na ɗora hannunsa na hagu a wurin na ce ya ja dogon numfashi. Ya ji da kansa, ya ce "La ilaha illallahu," ya kuma yin tari da gangan har sau biyar. Watannin da suka biyo baya mun yi su ne muna koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa jijiyar numfashi yanzu hannu take ɗagawa. Da farko sai ya cika ƙirji kafin gwiwar ta lanƙwashe, a hankali abin ya rabu.

Yanzu shekara biyu ke nan da haɗarin. Yana lanƙwasa gwiwar hannu har ya kai tafin ƙirjinsa, yana rataya leda a kan hannun ya tafi da ita, kafaɗar kuma tana ɗan buɗewa gefe. Yatsu ba sa motsi, ba sa ji. Zogin ya ragu amma bai tafi ba, ya fi tashi da daddare da lokacin sanyi, yana kan magani, kuma likitansa ya faɗa masa akwai wata tiyata a mashigar laka da ake yi wa masu irin wannan zogi idan ya gagara. Ya ce a bari tukuna. Idon yana nan yadda yake. Ya buɗe ɗan teburin cajin waya da sayar da kati a unguwarsu, ya koyi rubutu da hagu, yana danne littafin bashi da hannun daman. Ranar Talata yake zuwa gashi, sau ɗaya a wata.